'Yata Tana Jin Turanci Kamar Ruwa, Amma Tambaya ta 29 da ta 30 Sun Gagare Ta

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga Daejeon a Koriya ta Kudu, inda aikin bincike ya kawo maigidana shekara tara da suka wuce. 'Yar farina ta shigo ƙasar tana da shekara takwas, yanzu tana aji biyu na babbar sakandare a makarantar gwamnati, Koriyanci ya ma fi Hausa zama a bakinta. Turanci tana ji tana mayarwa. A jarrabawar gwaji ta Turanci, mai share fagen jarrabawar shiga jami'a, ba ta faɗuwa ko ɗaya a sashen saurare, amma makinta ya tsaya cik tsakanin 82 da 85. Kullum tambaya ta 29 da ta 30 da ta 42 ne ke kayar da ita, a jarrabawar makaranta kuma ana zaftare mata maki a amsoshin rubutu. Ni Turanci na karanta a jami'a a gida, har na koyar kafin mu taso. Da na zauna zan taimaka mata na ce "wannan bai yi daɗi a kunne ba", sai ta ce, "Umma, ba haka ake yi a nan ba." Maganar ta yi mini zafi. Babanta ya ce a sa ta hagwon kawai, wato makarantar ƙarin darasi ta kuɗi, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Me zan yi?

Wata uwa daga Daejeon

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya raya yarinya, ya sa albarka a karatunta.

Bari in fara da maganar da ta sosa miki rai. Ba iliminki ta raina ba, gaskiya ta faɗa miki da bakin yara. Kunne yana aiki a gajeriyar jimla. Idan aka ce "He go to school", ke da ita nan take za ku ji tuntuɓen. Amma jimlolin tambaya ta 29 dogaye ne, daga rubuce-rubucen masana ake ciro su, kuma da gangan ake zaɓar wurin da kalmar da aka ja wa layi ta yi nisa da kalmar da take dogara da ita. Kafin kunne ya iso wurin aikatau, ya riga ya manta wanda ya yi aikin. Abin da ake so ɗalibi ya yi shi ne ya kwance jimlar, ya nuna dalili da yatsa. Wannan kuwa duk gidan ba wanda ya kai ki. Kin yi shi a jami'a, kin daɗe ne ba ki buƙace shi ba saboda Turancin ya zauna miki.

Ki fara da lissafi, don ki ga girman abin da ke gabanku. Sashen Turanci na Suneung, jarrabawar shiga jami'a da hukumar KICE ke shiryawa a watan Nuwamba, tambaya 45 ne cikin minti 70: 17 na saurare, 28 na karatu, kowace maki 2 ko 3, jimilla 100. Tun daga jarrabawar Nuwambar 2017 ba a auna ɗalibi da sauran ɗalibai a Turanci. Wanda ya samu 90 ya shiga mataki na ɗaya, 80 zuwa 89 mataki na biyu, haka ake sauka goma goma har mataki na tara. Jarrabawar gwajin da take yi a kan wannan tsarin aka gina ta. Ukun da kika lissafa, wato 29 ta nahawu da 30 da 42 na zaɓen kalma, sun kai maki 6 zuwa 9. Yarinyar da ke kan 84, su ne kusan duk abin da ke tsakaninta da mataki na ɗaya. Kuma ko da yake nahawu tambaya ɗaya ce tak, ɗalibin da ya iya gano aikau da aikatau a doguwar jimla shi ne ke samun sauƙin tambayoyin cike gurbi na 31 zuwa 34, waɗanda suka fi wahala a takardar.

A tambaya ta 29 ana ba da matani ɗaya, a ja wa wurare biyar layi, a ce wanne ne kuskure. Abin daɗin shi ne abubuwan da ake gwadawa ba su da yawa, su ne dai suke dawowa shekara da shekaru cikin sabuwar riga.

Kafin ta kalli kalmar da aka ja wa layi, ta fara ƙirga. A jimlar Turanci, yawan aikatau na gaske, wato masu ɗauke da lokaci irin su goes, went, has gone, is going, daidai yake da yawan mahaɗai a ƙara ɗaya. Mahaɗan su ne irin su who, which, that, what, when, because, although, if, da kuma and ko but idan aikatau biyu suka haɗa. Kalmar da "to" na Turanci ya riga ta, ko mai -ing da ba ta da mataimaki irin is ko was, ba ta shiga lissafi. Malaman Koriya jundongsa suke ce wa irinta, na gasken kuma dongsa. Ga misali: "Students who review their mistakes every evening, even for ten minutes, remembering the rules longer." Mahaɗi ɗaya ne, who, ke nan aikatau biyu ake bukata. Review ɗaya. Ina na biyun? Babu. Ke nan remembering ne kuskuren, remember ya kamata. Akan kuma juya abin: "The river flows through the city provides water to a million people." Aikatau biyu, mahaɗi babu, dole ɗaya ya sauka, flows ya koma flowing.

Inda wannan ƙirga ke ba da ruwa wuri biyu ne, ki nuna mata su tun da wuri. Na farko, Turanci yakan haɗiye that. "The book I bought yesterday is missing" aikatau biyu ne ba mahaɗi a fili, kuma jimlar lafiyarta ƙalau. Alamar ita ce suna ya zo, wani suna ko wakilin suna ya biyo shi kai tsaye da nasa aikatau. Duk inda ta ga haka ta rubuta ƙaramin that da fensir a tsakani, lissafin zai daidaita. Na biyu, kalma mai -ed fuska biyu gare ta. A "The method used in the study failed", failed ne na gaske, used bayani ne kawai a kan method. Ta tambayi kanta: hanyar ce ta yi amfani da wani abu, ko da ita aka yi amfani?

Daga nan sai dacewar aikau da aikatau, tilo da tilo, jam'i da jam'i, abin da suke kira su-ilchi. Nan Koriyancinta ba ya taimaka mata ko kaɗan, domin aikatau na Koriyanci ba ya sauyawa don mai aikin ɗaya ne ko da yawa, alamar jam'i ta -deul ma sau da yawa barinta ake yi. Hausa kuwa tana rarrabe "ya tafi" da "sun tafi", don haka kina da abin kafa mata misali. Dabarar ita ce ta kewaye duk abin da ya shiga tsakani da fensir. "The number of farmers who grow rice in the southern provinces have fallen." Ta kewaye daga of har provinces, abin da ya rage "The number have fallen", kuskuren ya fito fili, has ne. Tarkon a nan provinces ne, jam'in da ke manne da aikatau. Ta kuma kula da jimlar da aka kifar, inda aikau ke zuwa a baya: "Behind the old houses stand a tall tree." Ba gidajen ne ke tsaye ba, bishiyar ce, stands.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi daɗewa a kansa, don nan ne ɗaliban Koriya suka fi zubar da maki, kuma nan ne Hausarki za ta yi aikin da littafinta ba zai yi ba: what, that, which da where. Koriyanci ba shi da kalma irin who ko which da ke haɗa bayani da suna. Bayanin yana zuwa ne gaban sunan, ƙarshen aikatau ya ɗan sauya, shi ke nan. Saboda haka yarinyar da ke tunani da Koriyanci ba ta da ma'auni a cikinta, haddar doka kawai take yi. Ki ce mata what shi ne "abin da". Sunan yana cikinsa, ya haɗiye shi. "She returned what she had borrowed", ta mayar da abin da ta ara. Idan aka ce "She returned the book what she had borrowed", daidai yake da a ce "ta mayar da littafin abin da ta ara". Ko Hausarta ta yi rauni za ta ji wannan bai zauna ba.

Sauran kuma tambaya biyu ke raba su. Akwai suna a gabanta da take bayani a kansa? Abin da ya biyo bayanta cikakke ne, ko akwai gurbin aikau ko na karɓau da ya ɓace? Idan akwai suna kuma akwai gurbi, which ne ko that ko who. Idan babu suna amma akwai gurbi, what ne. Idan babu suna, babu gurbi, that ne mai ma'anar "cewa", kamar a "We know that the earth is round". Idan akwai suna kuma abin da ya biyo cikakke ne, where ne ko when ko in which, ko kuma that bayan kalmomi irin su fact, idea, belief. Ki sa ta gwada da waɗannan biyun: "the village where he was born" da "the village which he visited". Duka ƙauye ne, amma visited yana neman karɓau, wurin a buɗe yake, shi ya sa which. Yawancin ɗalibai da sun ga sunan wuri sai su ɗora where ido rufe. A nan Hausa ma ba ta raba su, "garin da aka haife shi" da "garin da ya ziyarta" duka da "da" ne, don haka kada ki dogara da fassara, ki koma kan neman gurbi. Ke ma ki kula da wani abu namu: muna cewa "gidan da na zauna a cikinsa", wannan kan sa Bahaushe ya rubuta "the house that I lived in it". It ɗin nan kuskure ne, gurbin dole ya zauna a buɗe.

Sai rarrabe mai yi da wanda aka yi wa, -ing da -ed. "Seeing from the mountain, the city looks small" kuskure ne, don birnin ba shi ne mai gani ba, ganinsa ake yi: Seen. Tambayar kullum ɗaya ce, sunan da ake magana a kansa shi ya yi ko shi aka yi wa. Akwai gajeriyar hanya da ɗalibai ke yaɗawa tsakaninsu, wai idan suna ya biyo baya to -ing ne. Tana aiki sau da yawa, sai ta kayar da mutum a wurin da ake neman kayar da shi, don "He was given a prize" da "a bird called a magpie" duka suna ya biyo su kuma daidai ne. Ta haddace 'yan aikatau da ba sa karɓar sigar "an yi" sam: happen, occur, appear, disappear, remain, consist. "The accident was happened" kuskure ne da ya zama ruwan dare a rubutun ɗaliban Koriya.

Sifa da bayanau kuma laifin fassara ne tsantsa. Koriyanci yana cewa haengbokhage mandeulda, da -ge ɗin nan da aka koya musu cewa shi ne -ly, sai yarinya ta rubuta "made him happily". Bayan make, keep, find, leave da karɓau, idan halin karɓau ɗin ake bayani, sifa ce: keep the room warm, find it difficult. Haka bayan look, sound, feel, seem, remain. Ragowar ba sa bukatar dogon bayani. Idan an ja wa that ko those ko it ko they layi, ta ja kibiya zuwa sunan da suke wakilta: "The winters of Seoul are colder than that of Busan", winters jam'i ne, those. Idan do ko is ne ke maye gurbin aikatau, ta nemo na asalin: "He runs faster than his brother is", runs ake mayewa, does. Idan bayan and ko or ne, ta waiwaya ta ga da wa aka jera shi: to collect, compare, and write, ba writing ba.

Tambaya ta 30 da ta 42 wani abu ne daban: cikin kalmomin da aka ja wa layi ake neman wadda aka sauya, wadda ba ta dace da ma'anar matanin ba, kuma ina zargin a nan iya Turancinta ne ke cutar da ita. Kalmar da aka sauya ba ta da aibu ta fuskar nahawu, tana daɗin karantawa, sau da yawa ma kalma ce mai sauƙi. Abin da masu jarrabawa suka saba yi shi ne su cire kalmar asali su sa kishiyarta. Mai karatu da gudu sai ya wuce ta. Duba wannan: "Farmers who plant only one crop save labor in good years. But a single disease can destroy the whole harvest, so their income becomes more stable." Kowace kalma ta sani, amma manomin da cuta ɗaya za ta iya cinye masa gona, samunsa ba zai ƙara tabbata ba. Stable ce baƙuwar.

Ga yadda za ta yi. Ta karanta jimla biyun farko a hankali, ta rubuta a gefe da kalma uku ko huɗu abin da marubucin ke goyon baya, da Koriyanci ma ya yi. Kowace kalma da aka ja wa layi ta gwada kishiyarta a wurin: increase da decrease, accept da reject, similar da different. Idan kishiyar ta fi dacewa da jimlar da ta gabata da wadda ta biyo, ta samu amsa. Ta kewaye but, however, yet, so, therefore, because, don su ne ke nuna inda magana ta juya. Ta fi sa ido a kan masu kore magana a ɓoye: hardly, rarely, few, little, fail to, far from, less. Kalma ɗaya daga cikinsu kan kifar da ma'anar jimla gaba ɗaya, ido kuma yakan tsallake su. Babban kuskuren da za ki hana ta shi ne zaɓar kalma don kawai ba ta san ta ba. Rashin sanin kalma ba hujja ba ce a kanta.

Game da haddar kalmomi, littattafan da ɗalibai ke yawo da su sukan ba da kalmar Turanci ɗaya da fassarar Koriyanci ɗaya ko biyu a gefenta. Daga nan matsala ke tasowa. Address ba adireshi kaɗai ba ne, a matanin jarrabawa ya fi zuwa da ma'anar tunkarar matsala. Account for kan nufi bayyana dalili, kan kuma nufi kaso nawa abu ya ci. Novel kan zama "sabo", sound kan zama "ingantacce". Kalma goma a rana, kowace da jimlar da aka tsince ta a ciki, ta fi hamsin tsirara. Ta ware shafi guda na tagwayen da ke ruɗa ido: adapt da adopt, considerable da considerate, sensible da sensitive, successful da successive, economic da economical, respectful da respective, rise da raise, lie da lay.

Akwai maganar da ban ga kin ambata ba, kuma tana iya sauya duk lissafin. Idan ke da mahaifinta da ita kanta duk ba ku da takardar zama 'yan ƙasar Koriya, jami'o'in ƙasar suna da ƙofa ta daban ta ɗaukar baƙi, wadda galibi ba a neman sakamakon Suneung a cikinta, an fi duba sakamakon makaranta da shaidar iya harshe irin TOPIK, jarrabawar iya Koriyanci. Sharuɗɗan sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka ki nemi ganin malamin ajinta, damim seonsaengnim, tun wannan zangon, ku kuma karanta takardar sharuɗɗan jami'o'in da take so. Idan ta wannan ƙofar za ta bi, to naesin, makin jarrabawar makaranta, shi ne abin kula na farko. Nahawu kuwa ya fi nauyi a can, don malamai kan ɗauki matanin littafin aji da na jarrabawar gwaji su mayar da su tambayoyin nahawu da na rubutu.

A amsoshin rubutun nan, seosulhyeong, ƙananan abubuwa ne ke cin maki. Ba kasafai ake gwada a da the a tambaya ta 29 ba, amma a rubutu barin ɗaya kan jawo ragi, Koriyanci kuma ba shi da su sam. Hausa ta ɗan fi kusa: "littafin" da "motar", abin da aka riga aka sani, sun yi kama da the, "wani littafi" kuma ya yi kama da a. Ba su yi daidai ɗari bisa ɗari ba, amma sun isa su buɗe mata ido. Ki koya mata duba amsa sau uku kafin ta wuce: zagaye na farko aikatau kaɗai, lokacinsa da -s ɗinsa, na biyu sunaye kaɗai, kowane tilo mai ƙirguwa yana da a ko the ko my a gabansa, na uku sharuɗɗan tambayar, kalma nawa aka ce, an yarda a sauya sigar kalmomin da aka bayar ko ba a yarda ba. Yara da yawa sun san amsa, sharaɗin ne ba su karanta ba. Haddace matani da ɗalibai ke yi kafin jarrabawa yana taimakawa, amma da malami ya sauya jimlar daga "ya yi" zuwa "an yi", mai hadda kaɗai ya ɓace.

Nan zan faɗa miki abin da ba lallai ya yi daɗi ba, amma na fi son ki ji daga gare ni. Wasu kura-kuran ɗaliban Koriya irin namu ne sak. Suna cewa "discuss about" da "marry with" saboda haka Koriyanci ke gina su. Mu ma a Najeriya "discuss about" da "request for" da "borrow me your pen" sun zauna a bakin masu digiri, haka "informations", "equipments", "advices". Idan ku biyu kuka haɗu a kan kuskure ɗaya, ba mai ceton wani. Duk kalmar da kuka yi shakka, ku buɗe ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, wanda ke nuna ko suna yana ƙirguwa da kuma kalmar da ke bin aikatau. Ki kuma tuna makarantun Koriya Turancin Amurka suka fi bi, ke kuma na Ingila kika tashi da shi. Idan ta rubuta color ko center, kada ki gyara mata. Kalmomin da Koriyawa suka ara suka sauya musu ma'ana kuwa, irin su hand phone, eye shopping, da cunning da suke nufin satar amsa, ki ja kunnenta kada su shiga rubutu.

Yadda za ku tsara zaman: minti talatin, kwana biyar a mako, mako shida. Tsofaffin takardun jarrabawa, gichul, kyauta ne a shafin intanet na EBSi, na tashar ilimi ta Koriya. Ku fara da na aji biyu, sannan ku hau na KICE. Hukumar tana fitar da takarda uku a shekara, gwajin Yuni, gwajin Satumba da jarrabawar Nuwamba, ke nan shekara biyar za su ba ku matani 15 na tambaya ta 29, wurare 75 da aka ja wa layi. Kowace rana matani ɗaya na 29, ɗaya na 30 ko 42. Ta amsa ita kaɗai da agogo, kada ta wuce minti biyu a kowanne, don bayan sashen saurare abin da ke rage wa tambaya 28 bai fi kimanin minti 45 ba. Sannan a ajiye agogo. Ta yi miki bayanin duka biyar ɗin, har huɗun da suke daidai, me ake gwadawa a kowanne kuma me ya sa ya tsira. Wannan shi ne ainihin karatun. Ɗalibin da ya duba amsa ya ga ya ci ya wuce, kashi ɗaya cikin biyar na tambayar ya amfana da shi.

Ke kuma aikinki tambaya ce, ba ba da amsa ba. "Ina aikatau?" "Wa ya yi?" "Me ya ɓace bayan which ɗin nan?" Ki bar ta ta yi amfani da sunayen da aka koya mata, ke ki koye su daga bakinta: jueo shi ne aikau, mokjeogeo karɓau, bunsa su -ing da -ed masu bayani. Yarinyar da ta ga uwarta ta zauna tana koyon kalma a wurinta ba za ta sake cewa ba haka ake yi ba. A littafin kura-kuranta, odap noteu, kowane kuskure ya samu layi huɗu: jimlar, abin da ta zaɓa, dalilin da ya sa ta zaɓe shi, da gyaran. Layi na uku ya fi sauran amfani, kuma shi ɗalibai ke gudu. "Ban kula ba" ba dalili ba ne. "Na ɗauki provinces ne aikau" shi ne dalili. Bayan mako uku ku ƙirga, za ku tarar iri biyu ko uku ne ke ta maimaituwa. Su za ku bi, darussan bidiyo na EBSi a kansu ma kyauta ne.

Batun hagwon, ki roƙi babanta ya ba ku mako shidan nan zuwa jarrabawar gwaji ta gaba. Ba ƙin shawararsa ba ne, so ake a san ciwon kafin a sayi magani. Idan makin bai motsa ba, ko zaman ya fara jawo ɓacin rai tsakaninki da ita, to ku nema, amma ku je da littafin kura-kuran a hannu. Ku tambaya ɗalibai nawa ne a aji, ko malami yana gyara rubutun kowane yaro da hannunsa, ko kuma suna bin abin da makarantarta ta ware na jarrabawa. Ajin da za a sake faro mata nahawu daga babi na ɗaya tare da yara ashirin ba shi take bukata ba.

Allah ya ba ta sa'a, ya huci zuciyarki.